Yaran da Aiki Ya Cinye Ƙuruciyarsu

Dubi hannun nan da kyau. Tafin ya yi kanta, yatsun sun tsattsage, laka ta bushe a ƙarƙashin farce. Mai hannun bai wuce shekara 10 ba. Tun kafin gari ya waye yake tsugune a filin toya bulo a Pakistan, yana cusa laka a cikin ma'auni, ya kife, ya matsa gaba, ya sake cusawa. Ba a rubuta sunansa a littafin ma'aikata ba. Sunan babansa ne a ciki, kuma da lissafin bulo dubu-dubu ake biyan baban. To, ta yaya mutum ɗaya zai cika adadin da zai ciyar da gida? Dole matarsa da 'ya'yansa su sa hannu.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, da asusun UNICEF sun ƙiyasta cewa a shekarar 2024 yara kusan miliyan 138 ne ke irin wannan aikin ƙarfi a duniya. Miliyan 54 daga cikinsu aikinsu na da haɗari ga lafiya ko rai. An samu sauƙi, don a shekarar 2000 adadin ya kai miliyan 246. Amma ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da abin baki ɗaya zuwa 2025, shekarar ta zo ta same su da sauran tafiya mai nisa.

Kada a fahimce mu a baibai. Yaron da ya taso daga makaranta ya kama wa iyayensa ɗan aiki, wannan tarbiyya ce. Maganar da ake yi ita ce aikin da ya fi ƙarfin yaro, ya hana shi karatu, ko ya illata jikinsa. Yarjejeniyar ILO ta 1973 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun kama aiki, ta yi wa ƙasashe masu tasowa rangwame zuwa 14. Aiki mai haɗari kuwa sai an cika 18.

Da an ce bautar da yara, mutane da yawa masana'anta suke hangowa. A gaskiya gona ce ta fi cinye su, kusan shida cikin kowane goma. A Kwaddibuwa da Ghana, inda mafi yawan kokon duniya ke fitowa, wani bincike na cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago a 2020 ya gano yara kimanin miliyan ɗaya da rabi a gonakin koko. Yaro ya riƙe ƙwanson koko a hannun hagu, ya sara da adda a hannun dama. Kuskure kaɗan, sai yatsa. Ga buhu mai nauyi a ka, ga maganin feshi ba safar hannu ba takunkumi.

Wata cutar ma ba jini a cikinta, shi ya sa ba a lura. Ganyen taba idan ya jiƙe da raɓa, sinadarin nikotin yakan ratsa fatar mai tsinkar sa, sai jiri da amai su kama yaron da bai taɓa kai sigari bakinsa ba. A wuraren haƙar zinare kuma da zaiba ake tattara gwal. Yaro ya cuɗa ta da hannu, a ƙona, ya shaƙi tururin. Illar a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take sauka, sai an daɗe a ga hannu na rawa, a ga mantuwa. Jikin da bai gama girma ba ya fi saurin ɗaukar guba.

Su kuma 'yan mata masu aikatau, su ne farkon tashi, su ne ƙarshen kwanciya, kuma mai duba ma'aikata ba ya shiga gidan mutane.

Me ke riƙe yaro a wannan hali? Sau da yawa bashi. Iqbal Masih yana ɗan shekara 4 aka miƙa shi ga masu saƙar darduma a Pakistan kan bashin rupee 600, kuɗin ƙasar. Ya gudu yana da shekara 10, ya riƙa fallasa abin da ake yi wa irinsa, aka harbe shi a 1995 yana ɗan shekara 12. Shi ya sa doka kaɗai ba ta wadatarwa. In ka kori yaro daga wurin aiki alhali tukunyar gidansu ba ta hau wuta ba, wani aikin zai nema a inda ido ba ya kaiwa. Mekziko a 1997 da Burazil a 2003 sun bi ta wata hanyar, suka riƙa ba iyaye matalauta kuɗi da sharaɗin yaro ya zauna a aji.

Mu koma filin bulon nan. Idan damina ta sauka ɗanyen bulo ba ya bushewa, sai aiki ya tsaya, ciki kuwa ba ya tsayawa. Baban yaron zai koma wurin mai gida ya karɓo wani kuɗin, a ɗora kan na baya. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, littafin bashin yana nan, sunan da ke kai kawai za a canza.