Farfaɗiya: Abin da Ke Faruwa Idan Aka Yanke Magani Rana Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

A ce ga wani gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato, akwai yaro ɗan shekara 12 mai ciwon farfaɗiya. Likita ya ɗora shi a kan clonazepam, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare, kuma wata 8 ke nan bai faɗi ba. Ranar wata Alhamis uwarsa ta girgiza kwalbar maganin, ta ji shiru. Maigida ya tafi Illela fatauci, kuɗin da ke hannunta na cefane ne. Kakar yaron ta ce, "Ke ɗiyata, mi za a yi da ƙwaya kuma? Yaro ya warke, a gode ma Allah."

Juma'a ta wuce lafiya lau. Daren Asabar yaro ya kasa barci, hannunsa na rawa, gumi na keto masa, ko ƙarar murfin tukunya sai ya zabura. Ranar Lahadi bayan la'asar ya faɗi. Da can minti 2 ya saba yi ya farfaɗo. Wannan karon jijjigar na lafawa, kafin ya dawo hayyacinsa wata ta sake tasowa.

Clonazepam yana cikin dangin magungunan da likitoci ke kira benzodiazepine. 'Yan uwansa su ne clobazam, da lorazepam, da diazepam, wato Valium, wanda samari ke ce wa D5. Ku duba kwalin maganin da ke gidanku, galibi sunan yana ƙarewa da "pam" ko "zam".

Duk ɗan kabu-kabu ya san mashin yana da totur, yana da birki. Haka ƙwaƙwalwa take: akwai saƙonni masu zaburar da jijiyoyi, akwai masu kwantar da su. Babban mai kwantarwar wani sinadari ne da ake kira GABA, shi ne birkin. Farfaɗiya tana tasowa ne idan zaburar ta rinjayi birkin, jijiyoyi suka yi ta aika saƙo lokaci guda ba tsari. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne su ƙara wa birkin ƙarfin kamu. To amma idan aka ɗau makonni ana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan saba, ta sassauta nata birkin tunda ta ga akwai mai riƙe mata. Ranar da aka janye ƙwayar gaba ɗaya, sai a bar mashin a kan gangara, totur a buɗe, birki ya yi sanyi. Shi ya sa faɗuwar da ke biyo bayan yanke magani takan fi ta da tsanani. Kai, ko mutumin da bai taɓa yin farfaɗiya ba, in ya daɗe yana shan Valium ya yanke farat ɗaya, yana iya faɗuwa.

Wannan sabawar da ƙwaƙwalwa ke yi ba shaye-shaye ba ce, kada a zargi mara lafiya. Yana faruwa ko ga wanda yake bin umarnin likita sau da ƙafa. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta umarci kamfanoni su ƙarfafa gargaɗin da ke jikin duk wannan dangin magani, har da batun haɗarin dainawa kwatsam.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne lokaci. Lorazepam yana fita daga jiki da wuri, alamun yanke shi kan bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu. Diazepam kuwa yana daɗewa a jini, ana iya yin mako guda ba a ga komai ba. Sai iyali su ce ai ga shi an daina kuma lafiya ƙalau. Idan rashin barci da faɗuwar gaba da bugun zuciya da ruɗewa suka zo daga baya, har mutum ya riƙa ganin abin da babu, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a manta da kwalbar da ta ƙare.

Ana iya rabuwa da maganin, amma likita ne ke tsara yadda za a rage shi kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, wani lokaci ya shigo da wani magani kafin ya janye wannan. Idan ƙwayar tana sa yaro yawan barci a makaranta ko dalalar da miyau, wannan dalili ne na komawa asibiti a gyara. Haka mace in ta samu juna biyu, ta gaya wa likita, kada ta ajiye maganin da kanta. Mai son yin azumi ya je tun a Sha'aban a duba ko za a iya mayar masa da lokutan sha zuwa sahur da buɗa baki. Addu'a da ruƙya kuma ba su hana shan ƙwaya, a haɗa su. Phenobarbitone ba ɗan wannan dangi ba ne, amma shi ma ba a yanke shi rana ɗaya. Tramadol kuwa shi kansa yana tayar da farfaɗiya, a nisance shi.

Idan mutum ya faɗi, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe guda. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu. Miyansa ba ya yaɗa ciwon. A duba agogo: in jijjigar ta kai minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa nan take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko duk wanda ya fi kusa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ma yana duba masu farfaɗiya.

A tafi da kwalin maganin ko da babu komai a ciki, a faɗa wa likita ranar da aka sha ƙwayar ƙarshe. A gida kuma a riƙa ƙirga ƙwayoyin duk Juma'a. Da zarar saura na kwana 7, a fara neman na gaba.