Mai Keke Da Mai Kare A Hanya Ɗaya: Yadda Ake Wucewa Lafiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar keke da kare zamu yi, kuma na fi so 'yan uwanmu da suke Birtaniya su saurara da kyau, musamman ɗalibai da masu aikin kai oda a kan keke, amma wanda yake gida shima kar ya tashi don akwai nashi a gaba.

Toh ka kawo wata siririyar hanya a ranka. Irinta ce take bin gefen kanal, wato magudanan ruwan da turawa suka haƙa tun shekarun 1700 da 1800 don jigilar kaya a jiragen ruwa. Doki ne yake tafiya a bakin ruwan yana jan jirgin da igiya, shi yasa hanyar take siririya, don doki ɗaya da mutum ɗaya aka yi ta. Yanzu hukumar Canal & River Trust ce take kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, kuma a kan siririyar hanyar nan zaka haɗu da mai gudun motsa jiki, da tsohuwa da sandarta, da uwa tana tura keken jariri, da mai kare biyu ko uku, ga kai kuma da jakar oda a baya waya tana ƙirga maka mintoci. Gefe ɗaya ruwa ne, ɗaya gefen bango ko ƙaya, in ka zo ƙarƙashin gada ma baka ganin wanda ke tahowa sai kun yi kiciɓis. Duk wanda ya bi Regent's Canal a Landan da yamma, ko kanal ɗin tsakiyar Birmingham, ya san abin da nake faɗa.

Abin da nake so mu fahimta tun farko, a cikin ku ukun nan, mai keke da mai kare da karen, biyu ne kawai suke iya tunanin abin da zai faru nan da daƙiƙa biyar. Kare bai san ƙararrawa na nufin a matsa ba, bai san hagu da dama ba, warin wani abu ya ji a can gefen sai ya tsallaka kawai. Don haka duk wani shiri na wucewa lafiya a hannun mutanen biyu yake.

Me yasa ma kare yake bin keke? Ba wai ya tsane ka bane. Halittarsa ce haka, abu in yana gudu sai jikinsa ya motsa ya bi, musamman irin karnukan da aka saba farauta ko kiwo da su. Ga ƙafarka tana sama tana ƙasa a kan feda daidai tsayin bakinsa, ga taya tana juyawa, ga shi keke baya ƙara, ka taho ta bayansa shiru sai kawai ya ganka a kansa ya firgita. Wani kuma gadin wurinsa yake yi, in ka wuce ƙofar gidansu ya biyo ka da haushi ka yi nisa, shi a wajensa ya kore ka ne, gobe ma zai sake. Kuma mu faɗi gaskiya da yawanmu bamu tashi da kare a gida ba, bamu iya gane yanayinsa ba, muna ganin ya nufo mu sai tsoro ya sa mu ƙara taka feda, wanda shi ne daidai abin da ke ƙara zuga shi.

Bari mu yi ɗan lissafi. In kana gudun kilomita 25 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda injin keken lantarki ya taimaka maka a Birtaniya, a duk daƙiƙa ɗaya kana cin kusan mita 7. Kafin idonka ya ga karen, ƙwaƙwalwa ta ce tsaya, yatsunka su matse birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi cikin sauƙi, mita 7 kenan baka ma fara rage gudu ba. In ka sauko zuwa kilomita 10 a awa, a daƙiƙar nan ƙasa da mita 3 zaka ci, kuma ko da kun haɗu ɗin ma ka sa ƙafa a ƙasa shikenan. Sauri kan haifi nawa, odar da kake gudun kar ta yi latti da minti ɗaya, in ka faɗa kanal da ita da wayar da keken ai an tashi aikin ranar gaba ɗaya.

Kar ka ce ai ni gwani ne. A gasar tseren keke ta Tour de France ta 2007 wani ɗan tseren Jamus, Marcus Burghardt, kare ya shigo masa titi ya buge shi, tayar gaba ta lanƙwashe nan take ya wuntsila ƙasa. A gasar shekarar dai Sandy Casar ɗan Faransa shima kare ya kayar da shi, ya tashi da ciwo a jiki ya ci gaba har ya ci tseren ranar. Waɗannan mutane ne da keke shi ne sana'arsu, a kan titin da aka rufe musu, amma basu iya kauce wa kare ɗaya ba, balle kai a hanyar da faɗinta bai wuce mita biyu ba.

Yanzu doka. Akwai littafin dokokin hanya na Birtaniya da suke kira Highway Code, an yi masa babban gyara a watan Janairun 2022, aka kawo tsarin cewa wanda zai fi yin ɓarna in an yi karo shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. Mai babbar mota ya kula da mai ƙarama, mai mota ya kula da mai keke, mai keke kuma ya kula da mai tafiya a ƙasa. A hanyar da ake tarayya tsakanin keke da masu ƙafa, kai ne zaka basu hanya. Doka ta 63 ta ce ka rage gudu inda ya kamata, ka sanar da su kana tafe, ko da ƙararrawa ko ka yi magana cikin ladabi, kuma ka tuna wani kurma ne wani baya gani sosai. Shi kuma mai kare doka ta 56 ce tasa, kar ya saki kare a titi shi kaɗai, kuma ya riƙe shi da gajeriyar igiya in yana tafiya a hanyar da masu keke ko masu doki suke bi.

Gajeriya fa aka ce, kuma anan nake so in ɗan tsaya don wannan ne abin da yafi kayar da mutane. Akwai wata igiyar kare da take fita daga cikin gidanta na roba tana komawa, kamar tef ɗin awo na magina, tana iya miƙewa mita 5 wata har 8. Mai karen yana hannun hagu yana latsa waya, karen yana can hannun dama yana shinshina ciyawa, tsakaninsu siririn zare baƙi ya ratsa hanya daga gefe zuwa gefe, da magariba wallahi baka ganinsa. Kai kana ganin ga fili a tsakiya bari in bi, sai zaren ya shiga taya ko ya kama sitiyari, kai ka faɗi, karen a fizge masa wuya, mai shi kuma zaren ya yanke masa yatsa. Shi yasa duk lokacin da ka ga mutum a gefe kare a ɗaya gefen, ka ɗauka akwai igiya a tsakani ko baka ganta ba, kada ka taɓa bi ta tsakiyarsu. Ni a ra'ayina wannan igiyar ta filin shaƙatawa ce mai faɗi, bai kamata a saketa a bakin kanal ba sam, in dole da ita aka fito toh a danna makullinta a gajarce ta.

Yadda ake wucewa ba wuya. Ka hango su daga nesa ka daina taka feda, yatsu a kan birki, ka buga ƙararrawa tun da sauran tazara yadda mai karen zai samu lokacin kiran abinsa, ba sai ka zo dab da ƙeyarsa ba ka kaɗa masa ya firgita ya yi tsalle ya faɗo gabanka. Ka jira ka ga ya waiwayo ya janyo karen kusa da ƙafarsa. Idonka ya kasance a kan karen, don shi ne zai iya canza hanya ba zato. Ka wuce a hankali ka bar tazara iya yadda hanya ta bari, ka ce na gode. In baiji ba, wataƙila abin sauraro ne a kunnensa, ka bi bayansa a hankali har a samu wuri, ba a rasa komai ba. In kuma ka ga kare da ɗamara ta musamman yana jan makaho, aiki yake yi, kar ka yi masa fito kar ka matse su, ka basu hanya gaba ɗaya. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara a Ingila, farar fitila a gaba ja a baya dole ne a doka, ka ɗan sunkuyar da ta gaban kar ka kashe wa mutane ido.

Mai kare shima da nasa nauyin, kuma ba ƙarami ba. A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, a Ingila da Wales laifi ne karenka ya fita daga ikonka har ya zama barazana, ko bai ciji kowa ba in dai ya sa mutum fargabar zai ji masa ciwo, ana iya cin tara ko ɗaurin da ya kai wata 6, in ya ji wa mutum rauni har shekara 5. Don haka ɗan uwa in kare ya cije ka a can kana da haƙƙi, ka karɓi sunan mai shi, ka ɗauki hoton ciwon, ka sanar da 'yan sanda, ka je a duba ka saboda ƙwayoyin cuta da allurar tetanus.

Toh in kare ya biyo ka fa da gaske? Kar ka yi tsere da shi, yawancin karnuka sun fi mai keke saurin tashi, kuma kana waige kana gudu ne zaka faɗa rami ko gaban mota. Kar ka kai masa shuri kana tafiya, ƙafa ɗaya a sama ka rasa daidaito kuma ka miƙa masa abin kamawa. Ka tsaya, ka sauka ta ɓangaren da ba shi ba, keken ya zama shinge a tsakaninku, in ya zagayo ka juya keken. Kar ka zuba masa ido cikin ido, ka ɗan bashi gefen jikinka, ka yi magana da murya mai kauri ba ihu ba. Da yawansu da zarar abin ya daina gudu sai sha'awar ta mutu su juya, sai ka tura keken a ƙasa har ka bar yankinsa sannan ka hau.

Wannan ya kawo mu gida, don manomin da yake tafiya gona da asuba a kan keke, da yaron da yake zuwa makaranta ta hanyar ruga, da mai kai madara ko itace kasuwa, duk suna haɗuwa da karnukan kiwo da na farauta da na unguwa waɗanda ba igiya ba mai riƙo. Kuma haɗarinmu ya fi nasu, domin Birtaniya ta daɗe da kawar da ciwon haukan kare a karnukanta, mu kuwa yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ne yake kashewa duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaran nan su ne suke gudu in kare ya biyo su, su ne kuma suke ɓoye cizon don kar a yi musu faɗa, don Allah iyaye a gaya musu in kare ya taɓa su ko yaƙushi ne su faɗa, ba wanda zai dake su.

In cizo ya faru, abu na farko ruwa da sabulu, a wanke wurin sosai ana zuba ruwa har tsawon minti 15, a duba agogo don minti 15 yana da tsawo fiye da yadda ake zato. Kar a zuba barkono ko toka ko wani haɗi, kar a ɗaure a ce bari a gani. Daga nan asibiti a ranar, a fara allurar rigakafin haukan kare, kuma a cika dukkan alluran a ranakun da aka rubuta, in ciwon mai zurfi ne ko a fuska ko a hannu likita zai iya ƙara wata allurar da ake yi a cikin raunin kansa. Cutar tana iya kwanciya wata biyu wata uku, wani lokaci har fiye, ciwon ya warke mutum ya manta, amma da zarar alamu sun fito, tsoron ruwa da ruɗewa, kusan ba wanda yake tashi. In an san karen kuma ana iya tsare shi lafiya, a sanar da ma'aikatan dabbobi su lura da shi kwana 10, amma ba a jiran sakamakon kafin a fara allura.

Masu karnuka kuma, mafarauta da makiyaya da masu gadi, ku kai su a yi musu rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana haɗa allurar karnuka, kuma masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar tana daina yawo a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a lokacin wasu jihohi kan yi gangamin allurar, sai ku tambayi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku yaushe ne naku.