Injin Yankan Ciyawa Ya Ƙi Tashi: Hira a Rumfar Bakanike a Kura

Nasiru: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Yau muna garin Kura, a rumfar Baba Ɗanlami bakanike, don haka in kun ji ƙarar guduma ko babur ya gifta, a yi mana afuwa. Tare da ni akwai kawuna, Malam Idi, manomin shinkafa a Kadawa. Baba, ina wuni?

Baba Ɗanlami: Lafiya lau, Nasiru. Sannunku da zuwa. Malam Idi, ya amfanin gona?

Malam Idi: Alhamdu lillahi, Injiniya. Shinkafa ta nuna, abin girbin ne ya ƙi.

Nasiru: Ga shi nan a shimfiɗe kan buhu. Irin injin nan ne na rataya mai doguwar sanda, wanda ake sa wa igiyar roba a share ciyawa, ko a ɗaura masa faifai a yanki shinkafa. Kawu, me ya faru?

Malam Idi: Bara na saye shi. Na share bakin magudanar ruwa da shi, na girbe shinkafar rani, bai taɓa ba ni matsala ba. A watan Yuni na rataye shi a ɗakin ajiya. Shekaranjiya na ɗauko shi, tun bayan asuba nake jan igiya har hantsi, kafaɗata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Sai wani yaron maƙwabcina ya zo da sukudireba ya ce kafireto ne, ya murɗa kusoshin nan na gefe.

Baba Ɗanlami: Kash! An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Murɗi nawa ya yi, kuma ta wane ɓangare?

Malam Idi: Wallahi ban ƙirga ba.

Baba Ɗanlami: Shi ma bai ƙirga ba. Abin da ke ci min rai ke nan a sana'ar nan. Injin nan abu huɗu yake nema: mai, iska, wuta, da matsi a cikin silinda. Kusoshin kafireto ba sa juya kansu a ɗakin ajiya. Yadda ka rataye shi a Yuni, haka suke a Oktoba. Abin da ya canza shi za a nema. Nasiru, buɗe tankin ka shinshina.

Nasiru: Kai, Baba, wannan ba ƙamshin fetur ba ne. Kamar tsohon fenti, da ɗan tsami-tsami.

Baba Ɗanlami: Juye shi a kwalbar nan. Ka ga launinsa? Ya yi duhu kamar shayi. Malam Idi, ragowar man rani ne?

Malam Idi: Shi ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa zai zubar da rabin tanki?

Baba Ɗanlami: Gaskiyarka, ba a zubar da kuɗi. Amma fetur ɗin da aka gauraya, in ya wuce wata guda ya fara lalacewa. Sashensa mai saurin kama wuta ya bi iska, ya bar danƙo. A cikin kafireton nan akwai wata 'yar fatar roba siririya, ita ce ke harbo mai. In ta kwana wata huɗu cikin wannan danƙon sai ta bushe ta ƙandare. Ramukan da man ke bi kuwa ba su fi bakin allura ba. Da ka juye man ka ƙone shi a wani aikin tun yana da kyau, ka tayar da injin ka bar shi ya mutu da kansa, da yau kana gona.

Nasiru: Baba, dubi ƙasan kwalbar, kamar akwai wani abu da ya kwanta.

Baba Ɗanlami: Ruwa ne. Ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake kwantawa. Ko damina ce ta sa shi, ko tun daga jarkar 'yan bumburutu ya taho. Duk wanda ya sayi mai a bakin titi, ya zuba kaɗan a kwalba mai haske ya ɗan jira, zai gani da idonsa.

Malam Idi: To, tunda ana maganar mai, ni fa murfin galan nake cikawa da baƙin mai in zuba a tankin, in bi shi da fetur.

Baba Ɗanlami: Wane baƙin mai?

Malam Idi: Wanda nake sa wa babur ɗina.

Baba Ɗanlami: Malam Idi, don Allah ka daina daga yau. Injin nan ba shi da wurin baƙin mai daban. Ɗan man da ka haɗa da fetur, shi kaɗai ne ke shafa fistin da ringi. Na babur ba a yi shi don ya ƙone ba, sai ya bar gawayi a fulogi da salansa. Ka nemi wanda aka rubuta 2T a jikinsa. Sannan awo. Kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita ta fetur. Yawancin na China, irin naka, suna neman 1 cikin 25, mililita 40 a lita. Ka duba takardarsa ko murfin tankin, sau da yawa a rubuce yake.

Nasiru: Manomi a gona, da me zai auna mililita 40, Baba?

Baba Ɗanlami: Da sirinji. Ka shiga kemis ka sayi mai cin mililita 20, ka cire allurar. Ciki biyu a lita ɗaya, an gama. Kuma ba a cikin tanki ake haɗawa ba. A jarka daban mai tsabta, a girgiza sosai, a haɗa iya na sati ɗaya ko biyu. In man ya yi yawa, hayaƙi da gawayi ne, ana gyarawa. In ya yi kaɗan, ko yaro ya zuba zallan fetur, cikin 'yan mintoci fistin zai goge silinda, injin ya buga. Wannan kuwa kuɗi ne mai yawa.

Nasiru: Duk injinan haka suke?

Baba Ɗanlami: A'a. Akwai irin Honda GX35, shi yana da wurin baƙin mai daban kamar injin ban ruwa, zallan fetur yake sha. Mutum ya san wanne ne a hannunsa. Miƙo min sifanar fulogi.

Nasiru: Masu saurare, Baba ya ciro fulogin. Baƙi ƙirin ne, kuma a jiƙe sharkaf.

Baba Ɗanlami: Fulogi shi ne mai ba da labarin abin da ke ciki. In bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau. Baƙi da gawayi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya yi fari fat, to ka ji tsoro, injin yana aiki da yunwar mai, zafi ke cinsa. Wannan jiƙewar kuma, Malam Idi, da kake ta jan igiyar, cok, wato ɗan marfin da ke rage iskar da ke shiga kafireto, a rufe yake?

Malam Idi: A rufe, tun daga farko har na gaji.

Baba Ɗanlami: Ka shaƙe shi da mai ke nan. Ƙa'idarsa: ka danna 'yar robar nan mai kama da ƙwai har ka ga mai ya cika ta, ka rufe cok, ka ja. Da zarar ya yi tari sau ɗaya, kamar zai tashi, buɗe cok ka sake ja. In injin da ɗuminsa, ba ruwanka da cok. Wanda ya riga ya shaƙe kuwa, a cire fulogi a goge, a kashe makunni, a buɗe cok, a ja igiya sau goma man ya fice, sannan a mayar.

Nasiru: Yanzu ga shi Baba ya sa fulogin a hularsa, ya jingina ƙarfen da jikin injin, nesa da ramin. Kawu, ja.

Baba Ɗanlami: Kun gani? Shuɗiyar wuta, tas-tas. Kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, lafiya lau. Da ba ta fito ba, kafin in zargi kwayil sai na duba makunni da wayarsa, sannan in gwada sabon fulogi. Na sha ganin wanda ya yi tafiyar kilomita goma da inji a bayan babur, makunnin ne kawai a kashe.

Malam Idi: Matsin fa, ta yaya ake sani ba tare da na'ura ba?

Baba Ɗanlami: Ɗaga injin da igiyar tayarwa. Ka ga naka ya tsaya, yana sauka a hankali, tsaye-tsaye. Da ya sulale ƙasa kai tsaye, da na ce ringi ya tafi. Naka da sauransa.

Nasiru: Baba, akwai tambayar da wani mai saurare daga Auyo ya turo. Ya ce nasa yana tashi, amma da ya matsa totur sai ya yi "buuu" ya mutu.

Baba Ɗanlami: Wannan shi ne ƙorafin da ya fi zuwa nan. Ya fara da filtar iska, soson nan da ke bayan murfi. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa suna toshe ta. A wanke da ruwa da sabulu, a shanya ta bushe sarai. Kada kuma a cire ta a yar, ƙurar da za ta shiga ita ce ke cinye silinda. In ba ita ba ce, ya lanƙwasa waya ya kamo tiyon da ke cikin tanki, akwai 'yar filta a bakinsa. In ta yi baƙi a canza. Ya duba tiyon ma, ko ya tsage yana zuƙar iska. Sannan salansa. Bari ma mu duba naka, Malam Idi. Kawo fitilar wayarka, Nasiru.

Nasiru: Subhanallahi! Baba, laka ce a bakin salansar.

Baba Ɗanlami: Zanzaro ne ya yi gini. Duk shekara sai na samu, musamman injin da ya kwana damina a rataye. Rami ne mai duhu, ba mai damunsa. Injin da ba ya fitar da hayaƙi ba zai ja sabon mai ba. Ko ba zanzaro, wasu salansar suna da 'yar raga a ciki da gawayi ke toshewa. A ciro ta, a ƙona, a goge da burushin waya. In za ka ajiye shi, cusa ɗan tsumma a bakin, ka tuna ka cire.

Malam Idi: Ikon Allah. Ni ina ta zargin mai sayarwa a zuciyata.

Nasiru: Wanda kuma yake aiki minti goma ya mutu, sai ya huce ya sake tashi fa?

Baba Ɗanlami: Da ya mutu, a sassauta murfin tanki. In ka ji ya shaƙi iska, "fuss", to ramin numfashin tankin ne ya toshe, mai ba ya iya sauka. In ba haka ba, gwada wuta nan take tun da zafinsa, don akwai kwayil da ke ɗauke wuta in ta yi zafi. A kuma share ƙaiƙayin da ke cushe tsakanin haƙarƙarin silinda, ta nan yake shan iska. Masu cire garkuwar gaba su ma su ji: akwai 'yar wuƙa a jikinta da ke datse igiyar roba. In babu ita igiyar ta yi tsawo, ta yi wa injin nauyi.

Nasiru: To, yaushe ake taɓa kusoshin kafireton?

Baba Ɗanlami: Bayan duk waɗannan, kuma mai kunnen aikin ne zai taɓa. Wanda aka sa wa L na ƙaramin gudu ne, H na babban gudu, na ukun na silo, wato gudun da injin ke yi in an saki totur. Haɗarin yana wurin H. In ka matse shi, injin zai yi ta ƙara siririya, kai kana murna ya yi ƙarfi, alhali ka rage masa mai, ka rage masa abin shafa fistin. In yana aiki ne kawai da cok a rufe, mai ne ba ya isa, wanki yake so ko sabuwar fata, ba murɗi ba. Wanda ya ga dole sai ya taɓa, ya ƙirga murɗin ya rubuta, don ya iya komawa inda ya taso.

Malam Idi: Nawa yanzu me za a yi masa?

Baba Ɗanlami: Zan wanke tanki, in buɗe kafireto in canza fatar, in fasa ginin zanzaron, in mayar da kusoshin inda suke. Fulogin nan ma zai yi in an goge. Amma gobe a gona, tunda faifai za ka ɗaura, ka sa tabarau da takalmi rufaffe, masu ɗaurin dami su ba ka tazarar mita 15. In ka saki totur faifan bai tsaya ba, kashe shi ka dawo min da shi, silo ne ya yi yawa ko sifirin ɗin kuloci ya saki. Kada kuma ka zuba mai yana da zafi.

Malam Idi: In sha Allahu. Yaushe zan dawo?

Baba Ɗanlami: Bayan la'asar. Ka taho da lita ɗaya ta sabon fetur, da 2T, da sirinjin. A gabanka za mu haɗa.

Nasiru: Masu saurare, ga kiran sallah can an fara. Baba, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Baba Ɗanlami: Amin, ɗana. Ɗauko min tiren can in zuba kusoshin, kada su ɓace a ƙasa.