Darasin Lafiya: Hoton Gwiwar Hannu Kafin a Yi Ɗori

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman iyayenmu na Ringim da Jahun da ƙauyukan kewaye. Yanzu da mangwaro ya nuna, ba a rasa yaron da zai faɗo daga reshe ya dafe ƙasa da tafin hannu, kafin la'asar gwiwar hannun ta kumbura suntum. Darasinmu na yau a kan hoton wannan gaɓa ne.

Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a wurin, wato ƙashin damtse daga sama da na sangali guda 2 daga ƙasa, kuma da yake suna kare juna, hoto ɗaya ba ya wadatarwa. Ana ɗaukar na farko hannu a miƙe, tafi yana kallon sama, sannan a lanƙwasa gwiwar kamar kusurwar ɗaki a ɗauki na biyu daga gefe.

Hoton yaro ya fi na babba wuyar karantawa, domin bakin ƙasusuwansa guringuntsi ne, shi kuwa guringuntsi ba ya fitowa a hoton ƙashi. Wurare 6 ne suke zama ƙashi bi da bi, daga wajen shekara 1 zuwa wajen shekara 11, saboda haka ɗan guntun da uba zai gani a ware ya ɗauka ɓallewa ce, wataƙila girma ne kawai. Akan kuma samu tsagewar da ba a ganinta sam. A nan likita yakan duba wani ɗan kitse da ke ɓoye a bayan gaɓar, wanda ba ya bayyana sai jini ya taru ya turo shi, ya fito kamar baƙar inuwa. Da zarar an gan shi, ana ɗaure hannun a matsayin karaya, a sake hoto bayan kamar kwana 10. Idan ana zargin jijiyoyin da ke riƙe gaɓar, hoton MRI, wato na wata babbar na'ura mai aiki da maganaɗisu, shi ne yake nuna su, sai a tura ku babban asibiti a Kano.

Abin da ya fi damuna, iyayena, shi ne karayar da ta fi samun yara tana faruwa ne dab da saman gwiwa, inda babbar jijiyar jini ta ratsa. Idan aka jera karare aka tamke da tsumma a kan kumburi ba tare da hoto ba, jini yana iya yankewa hannun ya mutu. Ku taɓa yatsun yaron: idan sun yi sanyi, ko sun dushe, ko ya kasa motsa su, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren, ko da kuwa sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala.