Kalmar Branch: Daga Kan Bishiya Zuwa Bakin Hanya

Assalamu alaikum. 'Yan baya, kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu zan faɗa a kan kalmar branch, wato reshe. Na farko, ba haifaffiyar Ingila ba ce. Daga Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, shi kuma Faransancin ya gaje ta daga branca ta Latin, ma'ana dagi, ƙafar dabba. Ku dubi dagin zaki a baje, ku ɗaga kai ku dubi tsamiyar nan ta waje. Kun ga kamar? Kalmar Turawan Ingila ta gida ita ce bough, ana furta ta "bau", yanzu an fi jin ta a waƙe.

Na biyu, duk abin da ya tsiro daga uwa branch ne: reshen banki, reshen ilimi, reshen zuri'a. Wanda ya yi fiƙihu ya san usulu da furu'a, wato tushe da rassa, tunanin ɗaya ne. Ba'amurke zai kira majalisa da zartarwa da shari'a branches, mu a Najeriya arms muka fi cewa.

Amma ga wadda nake so, ku ajiye biro. Kana cikin mota, direba ya waiwayo ya ce, "Oga, make I branch buy fuel." Ko ƙawarki ta ce miki, "I will branch at your house." Zan ratse, zan biyo ta gidanku. Bature bai faɗar haka. A wurinsa hanya ce ke yin branch, ta rabu biyu. Mu kuwa mutum ne ke yi, ya bar titi ya leƙa ya gaisa, ya sha ruwa a randa, ya koma hanyarsa. Har a Ghana za ka ji ta. Na sha ganin an ja wa yaro jan biro a kanta, an ce jahilci ne. Wallahi ba jahilci ba ne! Mutanen da ba sa wuce ƙofar gwaggo ba su yi sallama ba, dole su nemi kalmar wannan ratsewar. Zumunci a ƙafa yake. Dole su nema, sun kuma samo mai kyau. A jarabawa dai ku rubuta stop by, kada reshe ya juye da mujiya.

Na uku... ko na huɗu muke? Na'am, 'yata, ɗaga murya.

Tana tambayar olive branch. Reshen zaitun ke nan, tayin sulhu. A Littafin Farawa na Baibul, kurciyar da Annabi Nuhu ya saka ta dawo da ɗanyen ganyen zaitun a baki, alamar ruwa ya janye. Tsoffin Girkawa ma da shi suke neman amana. Ki duba tutar Majalisar Ɗinkin Duniya a wayarki, rassa biyun da suka rungume taswirar duniya na zaitun ne. Kin gan su? Miƙa wa na kusa da ke ya gani.