Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Sufuri na Tarayya, Daga Al'ummar Nguru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Martaba Sarki, uban ƙasa, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara. Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, tare da 'yan tawagarsa. Hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, iyaye mata, sauran jama'a.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Nguru, sannu da hanya. Aikinka ya riga ka isowa. Duk wanda ya bi ta Kazaure da Daura ya ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 yana miƙewa, ga kuma na Kaduna zuwa Kano. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Da muka zauna tsara wannan jawabi kowa ya kawo kukansa har takarda ta cika. Dattawa suka ce a ɗauki guda ɗaya a sa shi a gaba, kada ya ɓace cikin sauran. Ga shi, ranka ya daɗe: a dawo mana da jirgin kaya a layin Kano zuwa Nguru.

Garin nan da ka sauka tsohon gari ne. Nan ce mazaunin Galadiman Borno, mai riƙe da yammacin daular, tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su zo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a wajen 1930 kuma aka jawo shi ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, tafiyar kilomita kusan 230, ya zo ya tsaya a nan. Daga Nguru babu gaba, nan ne ƙarshen dogo. Saboda haka duk abin da ƙasar Manga da Bade da gabashin Nijar suka noma ko suka kiwata, nan yake taruwa. Ayarin raƙuma na sauke kanwa da mangul, ga gyaɗa, ga ƙaro, ga fatu da ƙiraga, ga bandar kifi da busasshen nama, ga shanu ana kora su cikin tarago sai Ikko. Kamfanonin Turawa da Kwarori sun buɗe kantuna a nan. Bayarabe da Ibo da Banufe sun zo cin kasuwa, suka yi gida suka haifi 'ya'ya. Akwai tsofaffi a wannan rumfa waɗanda da kuɗin dako a tasha suka yi aure, wasu har suka sauke farali. Da jiniyar jirgi iyayenmu mata suke sanin lokacin ɗora tukunya.

Yau shekaru ke nan rabonmu da ganin an yi lodin taragon kaya a tashar nan. Ɗakunan ajiya sun zama kufai, rairayi ya binne dogo a wurare da dama. Garin da ya ciyar da tashar jiragen ruwa ta Legas na tsawon shekaru, shi ne aka bari a baya da aka tashi rabon sababbin layuka. Wannan abu yana yi mana ciwo, kuma ba za mu ɓoye maka ba.

Kayan ba su daina tafiya ba, kan tirela suka koma. Riɗi da zoɓo da wake da gero da dabbobi, duk sai sun bi kwalta fiye da kilomita 1,000 kafin su isa kudu. Tirela ɗaya tan 30 take ɗauka, wato buhun hatsi 300. Kan jirgi ɗaya mai jan tarago ashirin zai kwashe abin da tirela wajen ashirin za su ɗauka, kuma man da zai sha a kan kowane tan bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mota za ta sha ba. Kowace lita ta man dizal da aka ƙona tana sakin fiye da kilo biyu da rabi na iskar da ke ɗumama duniya. A lissafa litocin da ake ƙonawa tsakanin nan da Legas kowane mako.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Nguru da zancen ɗumamar yanayi. Ranka ya daɗe, mu ne a bakin daga. A je Yusufari ko Machina a ga tudun rairayi yana cinye gonaki da rijiyoyi. A dubi fadamar Haɗeja da Nguru, wadda duniya ta amince da muhimmancinta tun shekarar 2000, yadda ruwanta ya ja baya, kachala ta toshe hanyoyinsa, masunta suka koma ci-rani. Damina ta daina tsayawa kan ƙa'ida: bana fari, baɗi ambaliya. Najeriya ta yi alkawari a taron duniya kan sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa daga iska nan da 2060, a shekarar kuma aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Ga hanyar fara cika alkawarin nan a shimfiɗe, kakanninmu sun riga sun haƙa ta da hannunsu. Gyara kawai take jira.

Akwai kuma abin da ya fi hayaƙi zafi a zuciyarmu. Saniya takan kwana biyu ko uku a tsaye cikin mota, ta isa kudu ta rame, wata ta faɗi a yanka ta a hanya a sayar da asara. 'Ya'yanmu masu rakiyar dabbobi a saman katako suke zama bisa shanu, cikin rana da sanyi. Unguwa nawa ce a garin nan ba ta yi zaman makokin wanda tirela ta kife da shi ba? A 2016 an gwada ɗaukar shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, suka isa. Abin da ya yiwu a Gusau zai yiwu a Nguru.

Direbobin manyan motoci 'yan'uwanmu ne, ga shugabanninsu nan zaune, kuma da su aka rubuta wannan jawabi. Jirgi ba ya shiga Gashuwa, ba ya shiga Geidam ko Maigatari. Su za su riƙa kawo kaya tasha su kwashi wanda jirgi ya sauke, su kwana a gidajensu.

Saboda haka muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a gyara dogon nan a ba mu taragun kaya da na dabbobi, ko sau ɗaya ne a mako don farawa. 'Yan kasuwarmu sun ɗauki alkawarin cika su. Muna roƙon a haɗa mu da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Kano a 2023, domin riɗinmu da ƙaronmu su shiga kwantena tun daga can. A gyara ɗakunan ajiya da wurin lodin shanu. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, muna fata za ka zaunar da gwamnatocin Yobe da Jigawa da Kano a kan wannan layi. In kuma an tashi zana sababbin layukan zamani, a tuna da Nguru.

In ka tashi daga nan, muna roƙon ka ba mu minti goma mu taka da kai zuwa tasha ka gani da idonka. Allah ya mai da kai gida lafiya, ya sa da hannunka za a ɗaga wa taragon farko tuta.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin karɓar baƙi, a madadin al'ummar Nguru.