Darasi: ɗaukar bidiyon koya wa sabon ma'aikaci aiki da wayar hannu

Assalamu alaikum, masu kallonmu na cikin garin Maradi da waɗanda ke bin mu daga Tasawa, Madarunfa da Gidan Rumji, barkanmu da warhaka. Darasin yau na masu ɗaukar ma'aikata ne, ko mai shago a babbar kasuwa, ko mai mangaza, ko ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, waɗanda duk ranar da sabon yaro ya zo sai maigida ya ajiye abin da yake yi ya sake bayanin da ya yi wa na baya. Na ɗauka kowa yana da wayar Android da ƙafar ɗora ta, kuma ya iya yanka bidiyo a CapCut ko InShot, saboda haka ba zan tsaya a kan wannan ba.

Kafin a taɓa waya, a ɗauko takarda a ja mata layi biyu, ta rabu gida uku. Wannan tsari ya girme mu duka. Tun daga 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, da masana'antun Amurka suka cika da sababbin ma'aikata, gwamnatin ƙasar ta kafa shirin horarwa da ake kira TWI, wanda daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɗauka ya ci gaba da aiki da shi. A gida na farko ana rubuta matakin aiki, a na biyu a rubuta abin lura a cikin matakin, a na uku kuma dalilinsa. Gida na biyu shi ne bidiyon gaba ɗaya, domin a nan ne ake samun abin da gwani yake yi da hannunsa ba tare da ya san yana yi ba, kuma idan ka tambaye shi sai ya ce maka ai ba wani abu, dannawa kawai ake yi.

Ga misali a gabanmu. Wannan injin liƙe leda ne, irin na hannu, kuma Hajiya za ta liƙe ledar ƙuli-ƙuli. Hajiya, bismilla, a yi shi yadda aka saba. To kun gani, ta shimfiɗa bakin ledar, ta danna hannun injin, ƴar fitilar ta kama, ta mutu, sannan ta ɗaga. Wanda bai sani ba zai rubuta mataki uku ya wuce. Amma ku sake dubawa: bayan fitilar ta mutu ba ta ɗaga nan take ba, ta riƙe hannun na ɗan lokaci, kamar daƙiƙa biyu. Wannan shi ne abin lura, dalilinsa kuwa shi ne ledar da ta narke tana buƙatar ta huce a matse, in ba haka ba bakin zai buɗe a hanya, iska ta shiga, kaya su yi sanyi. Akwai na biyu ma: ta share bakin ledar da yatsa kafin ta ɗora, saboda maiƙo da gari suna hana liƙewa. Bidiyon da bai nuna waɗannan biyun ba, to ya nuna injin ne kurum.

Yanzu wurin ajiye waya. Mutane da yawa suna tsayawa a gaban mai aikin kamar masu ɗaukar biki, sai hannun damanta ya fito ta ɓangaren hagu na allo, sabon yaro kuma ya riƙa juya komai a cikin kansa. Ni na fi son in kafa wayar a bayan kafaɗarta, ta ɗan yi sama, tana kallon teburin, yadda mai kallo zai ga hannuwan kamar nasa ne. Fuska ba dole ba ce, kuma wannan yana sauƙaƙa wa matan da ba su son a nuna su, ko da yake duk da haka sai an nemi izini tukuna. Ina ɗauka a kwance idan aikin tebur ne. Sai ka ɗora yatsa a kan bakin injin a jikin allo ka riƙe har alamar kulle ta fito, domin kada kyamarar ta riƙa neman gani duk lokacin da hannu ya gifta.

Akwai wata matsala da nake so in daɗe a kanta, domin ita ce ke ɓata bidiyon cikin ɗaki. Ku dubi allon yanzu da na kunna doguwar fitilar nan: kun ga wasu baƙaƙen layuka suna gangarowa a hankali. Wayar lafiyarta lau. Wutar lantarkin da muke amfani da ita a Nijar, haka ma a Najeriya, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, abin da ke sa irin wannan fitila ta riƙa ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Yawancin wayoyi kuwa suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da ƙasashe masu wutar 60 irin su Amurka. Maganin shi ne a mayar da ɗaukar zuwa hoto 25 a daƙiƙa. Bari in gyara maganata: wannan kaɗai ba kullum yake isa ba, sai an shiga saitin kyamarar an nemi wurin da aka rubuta 50Hz da 60Hz, an zaɓi 50. Idan kyamarar da ta zo da wayarka ba ta da wannan zaɓi, manhajar Open Camera tana da shi, kuma kyauta ce. Kun ga layukan sun ɓace. In da janareta ake aiki, ƙarfinsa yana hawa da sauka, layukan na iya dawowa ko an saita, shi ya sa na fi son a kashe fitila a ja teburin kusa da ƙofa, a yi aiki da hasken safiya, amma kada ƙofar ta kasance a bayan mai aikin.

Batun murya gajere ne. Kada ka yi bayani lokacin da kake ɗauka, domin ƙarar kabu-kabu da injin niƙa na maƙwabta duk za su shiga. Ɗauki hannuwan kawai, daga baya ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka ɗora muryar da makirufon abin sauraren kunne. Ka yi magana da Hausar da ake yi a wurin aikin, kuma idan yara sun saba kiran wani maɓalli da sunan Faransanci, ka kira shi da wannan sunan. Rubutu a kan allo ya zama kaɗan, tun da ba kowane ma'aikaci ne ke karanta boko ba; kibiya ja a kan ƴar fitilar ta fi jimla guda amfani.

A wurin yankawa, idan aka zo kan abin lura, ina rage gudun hoton in maimaita shi sau biyu, sannan in nuna leda biyu a jere, mai kyau da wadda aka yi wa gaggawa, in matsa ta biyun a gaban kyamara har ta buɗe. Aiki ɗaya, bidiyo ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX ya nuna cewa hankalin masu kallo yana raguwa sosai idan bidiyo ya wuce minti 6, kuma aikin liƙe leda bai ma kamata ya kai rabin haka ba. Auna kaya a sikeli da manna takardar suna, kowanne a yi masa nasa.

Idan za a fitar da bidiyon, girman hoto na 720p ya wadatar, saboda wayoyin yara ba su da wuri da yawa. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, don haka a tura shi a matsayin fayil, ko kuma a raba ta manhajar Xender a cikin shago ba tare da an kashe kuɗin intanet ba. Masu mangaza da ƙungiyoyin da ba su da lokacin yin wannan da kansu, mukan zo har wurin aiki mu rubuta takardar tare da gwanin wurin mu ɗauka, farashi kuma sai mun ga yawan ayyukan.

Bayan sabon yaro ya kalla, a tsayar da shi gaban injin ya liƙe leda, yana yi yana faɗin abin lura da dalilinsa da bakinsa, maigida ko babbar ma'aikaciya na tsaye. Inda yara biyu ko uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, a koma ga takardar, domin akwai abin lura da ba a rubuta ba, a sake ɗaukar wannan gaɓar kaɗai a sauya ta. Hajiya, mun gode, a kawo sikelin mu shirya na gaba.